Tsatsar Sabuwar Rijiya

Ɗakin ruwa yana can bayan kamfanin wankin, tsakanin rumbun gishiri da katanga. Ƙaramin ɗaki ne mai taga ɗaya, ƙasansa kullum a jiƙe. A ciki akwai dogayen tankuna biyu, da randar roba ta ruwan gishiri, da bututu da suka sarƙe a jikin bango. Duk ruwan da zai shiga injinan wanki sai ya bi ta nan. Mai kula da ɗakin dattijo ne da kowa ke kira Baba Mai Ruwa.

Aikinsa ba shi da hayaniya. Tankunan cike suke da wasu 'yan ƙwayoyi kamar ƙwan kifi, masu launin zuma, da ake kira rezin. Ruwan ƙasa yakan zo da farar ƙasa narke a cikinsa, irin wadda ke hana sabulu kumfa. In ruwan ya ratsa ƙwayoyin sai su kama ta su riƙe, ya fito da laushi. In sun ƙoshi, Baba ya juya bawul ya sakar musu ruwan gishiri, ya wanke su su koma aiki. Kowace safiya yakan ɗebi ruwa a 'yar kwalba, ya riƙa ɗiga magani yana girgizawa har launin ya juya daga ja zuwa shuɗi. Saurin juyawar nan ne ke gaya masa lafiyar tankunan.

Kamfanin na mijin ƙanwarsa ne, wanda ma'aikata ke kira Maigida. Zannuwan gado da tawul na otal-otal suke wankewa. Maigida mutum ne mai fara'a, ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Yana kiran Baba "Yaya" a gaban kowa, har da ɗan rusunawa. Amma tsofaffin ma'aikata suna da wata magana da suke gaya wa sababbi: in Maigida ya haɗe maka rai, godiya ta kama ka, in kuwa ya yi maka murmushi, fara neman jakarka.

'Yar Baba ta ƙarshe, Auta, tana sashen guga. Ita kaɗai ta rage masa a gida tun rasuwar uwarta, kuma ita kaɗai ta san cewa yanar ido ta fara rufe masa gani. Ta gane ne wata safiya da ya tsiyaya shayi a gefen kofi, ya ci gaba da tsiyayawa har sai da ruwan zafin ya taɓa masa yatsa.

"Baba, tun yaushe?" ta tambaya.

"Ina gani mana. Hazo ne kawai."

"Mu je asibiti."

"Za mu je in an samu sarari. Amma ki ji ni da kyau, kada wanda ya ji. Ranar da aka ji, ranar na zama kaya."

A ɗakin ruwa kuwa ba mai gane komai. Ƙafarsa ta san kowane lungu, hannunsa ya san kowane bawul. Gwajin safiya ne kawai ya gagare shi. Sai ya riƙa ɗiga maganin yadda ya saba, ya ɗaga kwalbar saitin taga, ya ce wa kansa ta yi shuɗi.

Da aiki ya yi yawa, ruwan tsohuwar rijiya ya kasa, Maigida ya sa aka haƙa masa sabuwar burtsatse mai zurfi. Ruwa ya fito garau kamar gilashi, kowa na yabawa. Sai ga injiniyar kamfanin da ke sayar musu da rezin ta zo duba tankuna. Ta cika farin bokiti da sabon ruwan ta ajiye a rana, ta shiga ofis. Da suka fito ita da Maigida, ruwan ya yi ja-ja, ga wani gari-gari kwance a gindin bokitin.

"Ranka ya daɗe, ka ga abin da nake faɗa," in ji ta. "Ruwan nan akwai ƙarfe narke a ciki, akwai kuma ɗan'uwansa da ake kira manganis. A ƙarƙashin ƙasa ba a ganinsu. Da sun sha iska, ɗaya ya zama tsatsa, ɗaya ya zama baƙi kamar kunkunniya. Rezin zai kama su, amma gishiri ba zai iya fitar da su duka ba. Za su daskare a jikin ƙwayoyin su toshe su. Sai an sa matatar ruwa a gaba, wadda za ta shayar da ruwan iska ta tace shi kafin ya iso tanki."

Maigida ya yi murmushi. "Injiniya, ke kam duk zuwanki sai kin zo mana da sabon ciwo, kuma maganin yana cikin motarki."

"Ni dai na faɗa."

"Kin faɗa, mun ji, Allah ya saka." Ya juya wajen Baba da ke tsaye a bakin ƙofa. "Yaya, kai me ka gani?"

Baba bai ga bokitin ba sai farin abu a ƙasa. Ya ce, "Ni dai na ji ƙarnin ƙarfe a ruwan."

"Ƙarni! To ai ba sha za a yi ba, wanki za a yi." Ya sa ƙafa ya tuntsurar da bokitin. "A haɗa bututu yau."

Aka haɗa. Da farko lafiya lau. Sannu a hankali tankunan suka fara saurin gajiya. Baba ya ji haka a hannunsa, ruwan ba ya santsi kamar da, sai ya ƙara yawan wanki da gishiri. Gishirin rumbu ya riƙa ƙarewa da wuri. A cikin tankunan kuwa ƙwayoyin suna rikiɗa daga launin zuma zuwa na ƙasa, daga nan zuwa baƙi-baƙi, wasu suna farfashewa. Da mai ido ne ya buɗe murfi ya leƙa, da ya gani tun da wuri. Baba ya buɗe, ya leƙa, ya rufe.

Masu guga ne suka fara lura. Farin zane ya daina zama fari, ya koma kamar haƙorin tsoho. Sai jajayen tabo suka biyo baya, sai ɗigo-ɗigon baƙi a jikin tawul. Shugaban masu wanki ya ƙara bilic, maganin sa kaya fari, don ya gyara, abin ya ƙara muni, domin bilic ɗin ne ma ke dafa ƙarfen ya manna shi a jikin zare.

Auta ta ga inda abin ya dosa. Ranar hutu ta tafi gidan gwaggonta, matar Maigida, ta same ta a falo ana yi mata tausar ƙafa. Sai da mai tausar ta fita sannan ta matso kusa.

"Gwaggo, magana ce tsakanina da ke. Idon Baba ne. Yana ce ta rufe shi, kusan ba ya gani. Ya hana ni faɗa, amma ni na kasa. In da hali a kai shi asibiti a kankare masa tun kafin wani abu ya faru a wurin aiki."

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Yayana! Shi ne kuka ɓoye mini? Haba Auta, ɗan'uwa ai rabin jiki ne. Ki bar komai a hannuna."

"Don Allah kada Maigida ya ji."

"Ke, ni yarinya ce?"

Auta ta koma gida zuciyarta wasai. Har ta saya wa Baba lemo a hanya.

Ba a jima ba babban otal ɗin da suka fi dogara da shi ya dawo da kaya mota guda. Shugabar masu kula da ɗakunan otal ɗin da kanta ta biyo motar, wata doguwar mata mai tabarau, ta sa aka zube zannuwan a tsakar kamfani. Ta ce baƙi sun fara tambaya ko jini ne. Ta ce in ba a gaya mata abin da ya faru da wanda ya jawo shi ba, yau ce ranar ƙarshe.

Maigida ya ba ta kujera a inuwa, ya sa aka kawo mata ruwan sanyi. Sannan ya sa aka kashe injina, aka tara ma'aikata kaf, masu wanki da masu guga da direbobi. Aka fito da ƙaramin tebur. Ya ɗora kofunan gilashi biyu a kai, ɗaya da sabon rezin mai sheƙi, ɗaya da wanda aka kwaso daga tanki, baƙi kamar dusar gawayi. Ya aika a kira Baba.

Baba ya fito yana goge hannu a jikin rigar aiki. Rana ta yi tsaka, hasken ya cika masa ido, ya riƙa tafiya yana bin inda ya ji murya.

"Yaya, sannu da aiki," in ji Maigida. "Ga baƙuwa mun yi, tana son sanin wanda muka damƙa wa amanar ruwanmu. Na ce mata yayan matata ne, ba bare ba, mutum ne da ya san rezin kamar yunwar cikinsa. Ga kofi biyu a gabanka. Nuna mata mai kyau, ka nuna mata wanda ya lalace."

Baba ya miƙa hannu.

"A'a, Yaya, ba da hannu ba. Aikin ido ne. Ko ba da ido kake gwajin safiya ba?"

Auta tana bayan masu guga tana kallo. Baba ya sunkuya, ya ƙanƙance ido. Yana cikin haka Maigida ya sa yatsa biyu ya ɗauke kofin dama a hankali, ko ƙara bai yi ba, ya riƙe shi a bayansa. Ya ɗora yatsa a leɓe yana kallon jama'a.

"Muna jira, Yaya."

Baba ya nuna dama, inda babu komai sai katako. "Wannan ne mai kyau."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata. Ga launinsa nan, kamar zuma."

Wani direba ne ya fara fashewa da dariya, sai wasu suka bi, wasu don abin ya ba su dariya, wasu don Maigida yana kallonsu. Baba ya ɗago kai yana juyawa, bai san abin da ake wa dariya ba. Ya ɗan yi murmushi shi ma. Sannan ya sauke hannunsa a kan teburin, ya shafa, ya sake shafawa. Murmushin ya tsaya a fuskarsa bai tafi ba, kamar ya manta yadda ake sauke shi.

Maigida ya juya wajen baƙuwar da fuskar tausayi. "Kin gani, ranki ya daɗe. Ni ma ban daɗe da sani ba. Makaho muka bar wa tanki. Ya ɓoye mana, mu kuma kunya ta hana mu bincike, kin san sha'anin surukuta. Ruwa ba ya tsami banza. Laifina ɗaya ne, na yarda da nawa."

Matar ta cire tabarau ta goge, ba ta kalli Baba ba. Ta ce a sake wanke kayan, za ta ba su dama ɗaya. Ba ta tambayi rijiya ba, ba wanda kuma ya ambata mata.

Da motarta ta fita, Maigida ya dafa kafaɗar Baba. "Yaya, ba zan kore ka yau ba, ni ba butulu ba ne. Injiniya ta taɓa cewa in rezin ya sha ƙarfe ana jiƙa shi da asid, wani lokaci ya farfaɗo. Jarkokin suna rumbu. Wanda ya ɓata shi zai gyara. In ka gama sai ka huta." Ya ɗaga murya kaɗan don kowa ya ji. "Kowa ya koma bakin aikinsa. Wanda na gani a ɗakin ruwa, ya bi Yaya gida."

Auta ta koma kan teburin guga. Ta shimfiɗa zane, ta ɗora dutse, ta ja, ta ninke, ta ɗauko wani. Ta tagar sashensu tana hango Baba yana jan jarka daga rumbu, yana tsayawa yana laluben bango. Ya shiga ɗakin, ya fito, ya ja wata. Matar da ke kusa da ita ta ce a hankali, "Ki daure, 'yar nan. In kin tashi, ku biyu za ku rasa." Ta daure.

Baba ya sa safar hannu, amma tsohuwa ce, ta tsage a tsakanin yatsu. Ya ɗaga jarkar zai juye a randar da ake haɗa magani, bai ga bakin randar daidai ba. Asid ya bi gefe ya kwararo kan hannunsa da takalminsa. Hayaƙin ya turnuƙe ɗakin ya shaƙe shi. Bai yi ihu ba. Tarinsa Auta ta jiyo, wani irin tari mai kama da haushi, sai ta saki dutsen gugar a kan zane ta ruga.

Ta same shi durƙushe yana laluben famfo a bangon da ba shi ba. Ta ja shi waje, ta buɗe tiyo ta sakar masa ruwa a hannu da ƙafa, ta cire masa takalmin da ya fara narkewa. Fatar bayan hannunsa ta yi fari ta tattare. Ruwan sabuwar rijiya ne take zuba masa, ba ta da wani.

"Jarkar," yake cewa cikin tari. "Ki tayar da jarkar, kada ta ƙare. Zai ce da gangan na zubar."

Wani direba ya kai su asibiti ba tare da ya nemi izini ba. Aka wanke, aka naɗe. Likita ya ce hannun zai warke amma yatsu biyu ba za su ƙara lanƙwasuwa ba. Ya duba idon kuma ya ce yanar ta nuna, ana iya cirewa, sai dai a jira ƙunar ta warke tukuna.

Washegari Auta ta je aiki tana jiran a sallame ta. Maigida ya kira ta ofis. Zanen da ta bar wa dutse yana kan teburinsa, da ƙonannen tambari a tsakiya.

"Ya jikin Yaya?"

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi. Kin karya dokata, kin kuma ƙona kayan mutane. Amma ke 'yata ce. Koma bakin aikinki." Har ta kai ƙofa ya ƙara da cewa, "Kuma na gode. Ba don ke ba, da har yanzu ban san ciwon da ke cin kamfanin nan ba. Gwaggonki ta ce ke kika kawo maganar."

Daga tashi aiki ta wuce gidan Gwaggo. Ba ta zauna ba.

"Gwaggo, na roƙe ki kada ya ji."

"To mijina ne, me zan ɓoye masa? Kamfanin nan shi muke ci, ni da ke da ubanki. So kike in zuba ido ya rushe saboda Yaya yana jin kunyar cewa ya makance?"

"Rijiyar ce, Gwaggo. Kowa ya san rijiyar ce. Injiniya ta faɗa a gaban mutane."

"Ke injiniya ce? Kin ga, kada ki kawo mini rashin kunya har cikin ɗakina. An riƙe ubanki shekara da shekaru, an ba ki aiki, abin godiya shi ne wannan?" Ta miƙa mata leda. "Ga ayaba ki kai masa. Ki ce ina nan zuwa."

Ba ta zo ba.

Asid bai farfaɗo da rezin ba, ya riga ya mutu. Aka kwashe shi aka zubar bayan katanga, aka zuba sabo, aka kawo ɗan ƙanin Maigida ya riƙe ɗakin ruwa. A makon kuma motar injiniya ta shigo ta ƙofar baya da wani babban tanki da buhunan yashi. Aka kafa shi kusa da bakin rijiya, aka kewaye da kwano. Maigida ya ce rumbun ajiya ne. Zannuwa suka koma fari tas. Duk baƙon da ya zo, sai Maigida ya ɗaga masa tawul a rana ya ce, "Ka gani? Mutum ɗaya kawai muka canja."

Auta ta gaya wa Baba. Yana zaune a bakin gado, hannunsa a naɗe bisa cinya.

"Baba, sun sa matatar ruwan. Wadda injiniya ta ce. Na leƙa ta ramin kwano na gani da idona. Ba kai ba ne, ko mai ido huɗu aka sa, haka za ta faru."

Ya shafa naɗin hannunsa. Sannan ya ce, "Ruwan ya gyaru bayan na tafi ko bai gyaru ba?"

"Ya gyaru, amma saboda..."

"To shi ke nan. Na buɗe murfin nan, Auta. Na leƙa. Da ina gani da na faɗa." Ya juya fuska wajen bango. "Kuma kada ki ƙara zagin mijin gwaggonki a gabana. Shi ke ciyar da mu."

Ba ta taɓa gaya masa ta inda maganar idonsa ta fita ba, shi ma bai tambaya ba. Amma ya daina kiranta in yana neman wani abu. Sai ya tashi ya yi ta lalube har ya samu ko ya haƙura.

Da hannun ya fara warkewa, zaman gida ya ishe shi. Ya ji an ce mai gadin ƙofar kamfani ya bar aiki. Wata safiya ya sa rigarsa mai kyau, ya ce zai bi Auta.

"Baba, gadi kuma? Da wane ido?"

"Ƙofa ai kunne take so. Na san ƙarar kowace mota a kamfanin."

Ta yi magiya, ya ƙi. Ta riƙe masa hannu har bakin ofis. Sakatare ya shiga ya fito ya ce Maigida yana da baƙi, a jira a waje. Babu benci a wurin. Baba ya tsaya jikin bango, Auta ta wuce sashen guga.

Inuwar bangon ta yi ta janyewa har ta bar shi a rana. Ma'aikata suna wucewa, wasu su gaishe shi ƙasa-ƙasa, wasu su bi ta nesa. Wajen azahar Maigida ya fito ta ƙofar gefe ya shiga mota. Da ya zo daidai da shi ya sauke gilashi.

"A'a, Yaya! Kai ne a rana haka? Me ya sa ba a gaya mini ba?"

Baba ya juya da sauri ya rusuna, amma wajen ƙofar ofis ya fuskanta, ya ba motar baya. "Ranka ya daɗe, dama maganar gadi ce..."

"Gadi! Kai, wannan shawara ce mai kyau. Bari in yi tunani. Ka dawo gobe." Gilashi ya hau, mota ta fita. Baba ya ci gaba da yi wa ƙofar godiya.

Da aka tashi cin abinci Auta ta fito ta kama hannunsa. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Suka bi gefen titi a hankali, tana kauce masa da ramuka.

"Ya ce in dawo gobe," in ji shi. "Kin ji ai bai ce a'a ba."

Auta kuwa ta san an riga an ɗauki sabon mai gadi tun shekaranjiya, shi ne ma ya buɗe musu ƙofa da safe.

Washegari ko da ta fito daga wanka, ta tarar da shi zaune a bakin ƙofa, ya sa hula, takalmansa a ƙafa, yana jiranta.